Oogway

Oogway tsohon kunkuru ne a cikin jerin fina-finan katun na Kung Fu Panda, waɗanda kamfanin DreamWorks Animation na ƙasar Amurka ke shiryawa. Ya fara fitowa a fim na farko, wanda Mark Osborne da John Stevenson suka ba da umarninsa a shekarar 2008. A cikin labarin shi ne ya ƙirƙiro fasahar faɗa ta kungfu, shi ne babban malamin Fadar Jade da ke saman dutse a Kwarin Salama, kuma shi ya koyar da Shifu, malamin da ke horar da ɗaliban fadar. Sunansa daga kalmar Sinanci mai nufin kunkuru aka samo shi. Wanda ya yi muryarsa da Turanci shi ne Randall Duk Kim, ɗan wasan daɓe haifaffen Hawaii, wanda masu kallo da yawa suka sani a matsayin mai yanka makulli a fim ɗin The Matrix Reloaded na 2003.

Kamanni da hali

An zana shi da dogon wuya mai tattara, da idanu a lumshe, da murmushin da ba ya barin fuskarsa. Yana yafa koren ƙyalle a bisa ƙoƙon bayansa, yana dogara sandar icce mai reshe biyu a kai. Kansa da hannuwansa na ɗan rawa irin ta tsufa. Bayanan da kamfanin ya fitar sun ce asalinsa daga tsibiran Galapagos yake, ya yi tafiya mai nisa kafin ya sauka a ƙasar Sin.

Bauɗaɗɗen halinsa ba na hayaniya ba ne, na nawa ne. A fitowarsa ta farko ya kira Shifu da gaggawa, amma da Shifu ya iso a guje sai ya tarar da shi yana hura kyandirori ɗaya bayan ɗaya, ga su kuwa jingim, har sai da haƙurin Shifu ya ƙare ya kashe su duka da iskar hannunsa. Sannan ne tsohon ya faɗi abin da ya sa ya yi kiran: an nuna masa cewa Tai Lung, tsohon ɗalibin Shifu da ke ɗaure a kurkuku, zai dawo. Haka yake yi ko'ina. Idan aka kawo masa magana da zafi sai ya amsa ta a sanyaye, amsar kuma sau da yawa ba ta tambayar da aka yi ba ce.

Rawarsa a fim na farko

Tai Lung damisar duwatsun ƙanƙara ce da Shifu ya tsinta tana jaririya, ya raine ta kamar ɗan cikinsa. Da ya girma ya ƙware, Shifu ya gabatar da shi domin a ba shi naɗaɗɗen kundin Daragon, amma Oogway ya ga duhu a zuciyarsa ya hana. Tai Lung ya fusata ya afka wa kwarin, ya nufo kundin da ƙarfin tsiya. Shifu ya kasa ɗaga masa hannu saboda ƙauna. Oogway ne ya dakatar da shi da 'yan tsikarin jijiya kaɗan, ya sandare. Wannan ne kaɗai faɗan da aka nuna tsohon ya yi a fim ɗin gaba ɗaya, kuma bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Tai Lung ya shafe shekara 20 a kurkukun Chorh-Gom, karkanda 1,000 na gadinsa.

Da Shifu ya ji za a dawo da wannan masifa, sai ya aika dinya mai suna Zeng ya je ya ce a ninka tsaro. Oogway ya yi masa kashedi cewa mutum kan gamu da ƙaddararsa a kan hanyar da ya bi don ya kauce mata. Gashin da ya faɗo daga jikin wannan ɗan aiken kuwa shi Tai Lung ya yi amfani da shi ya kwance kansa. Zancen ya girmi fim ɗin nesa ba kusa ba, domin yana cikin tatsuniyoyin La Fontaine na Faransa tun ƙarni na 17.

Abin da aka fi tuna shi da shi shi ne zaɓen Jarumin Daragon, wato wanda za a ba wannan kundi. Kowa na jiran ya nuna ɗaya daga cikin zaratan ɗaliban Shifu biyar, wato Damisa, Biri, Ƙoƙi-ƙoƙi, Macijiya da Gauraka. Yatsansa na dab da tsayawa kan Damisa sai ga Po, panda mai ƙiba, ɗan mai sayar da taliya, ya faɗo daga sama bayan ya ɗaure kujera da kayan wasan wuta don ya tsallake katanga ya yi kallo. Oogway ya ce wannan ne. Shifu ya ce kuskure aka yi, tsohon ya ce babu wani abu da ke faruwa bisa kuskure.

Wa yake koyarwa

Nan ne Oogway ya bambanta da yawancin takwarorinsa. Bai koya wa Po ko naushi ɗaya ba. Hira guda suka yi mai tsawo, da dare a ƙarƙashin bishiyar fich (wani ɗan itace mai ƙwallo a ciki), lokacin da Po ya cika baki da 'ya'yan itacen saboda ɓacin rai yana shirin komawa gida, kuma abin da ya ce masa bai wuce ya daina damun kansa da jiya da gobe ba. Ɗalibin da yake horarwa na gaskiya shi ne Shifu, wanda ya riga ya zama malami amma bai warke daga abin da ya faru da Tai Lung ba.

Ganawarsu ta ƙarshe ta nuna haka ƙarara. Shifu ya zo da gudu ya ce akwai mummunan labari. Oogway ya ce labari dai labari ne, ba shi da kyau ba shi da muni. Da ya ji cewa Tai Lung ne ya tsere, sai ya ɗan yi jim ya amince cewa wannan kam mummuna ne, ya ƙara da cewa ga wanda bai yarda da Jarumin Daragon ba. Daga nan suka shiga musu kan bishiyar. Shifu ya doki gindinta 'ya'ya suka zubo, ya fasa ɗaya ya binne ƙwallon, don ya nuna akwai abin da mutum ke da iko da shi. Oogway ya ce komai ya yi, fich ɗin ne zai tsiro, ko da tuffa ko lemo yake so. Ya sa shi ya yi alkawarin zai yarda da Po, ya miƙa masa sandarsa, ya ɓace cikin furannin bishiyar. Hans Zimmer da John Powell ne suka tsara kiɗan fim ɗin, kuma kiɗan wannan wurin, mai suna Oogway Ascends, ya yi tashe shi kaɗai.

Marubutan sun yi dabara da suka kawar da shi tun kafin a kai ƙarshen labari. Wanda ya kayar da Tai Lung da tsikari, da yana nan, ba a buƙatar wani jarumi.

Tushe a al'adun Sin

Ba a banza aka zaɓi kunkuru ba. A wurin Sinawa alama ce ta tsawon rai da sanin gaibu. A zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, ana ƙona ƙoƙon cikin kunkuru a karanta tsagarsa don duba, kuma a kan irin waɗannan ƙoƙuna ne aka samu wasu daga cikin rubuce-rubucen Sinanci mafi daɗewa. Baƙin Kunkuru, Xuanwu, shi ne mai tsaron arewa cikin halittu huɗu na sararin sama. Fim ɗin ya ce a wani tafki da ke duwatsun Wu Dan Oogway ya gano kungfu. Duwatsun Wudang na gaske suna lardin Hubei, cibiya ce ta mabiya addinin Tao da ake danganta wa salon faɗa na taici, kuma abin bautar wurin tambarinsa kunkuru ne da maciji. Ita ma fich a tatsuniyoyin Sin abincin marasa mutuwa ce. Koyarwarsa ta barin abu ya bi ɗabi'arsa ba tare da tilas ba ta yi kama da abin da mabiya Tao ke kira wu wei, ko da yake an sassauta ta yadda yaro zai gane.

Dawowarsa

Fim na biyu, na 2011, ambatonsa kawai ya yi. A na uku, wanda Jennifer Yuh Nelson da Alessandro Carloni suka ba da umarni a 2016, an same shi a duniyar ruhohi, inda Kai, wani katafaren sa, ya ƙwace masa ƙarfin rai da ake kira chi. A nan aka bayyana cewa shekara 500 baya su biyun sarakunan yaƙi ne kuma aminai. An yi wa Oogway rauni a kwanton ɓauna, Kai ya goya shi kwana da kwanaki har suka isa wani ƙauyen panda, mazauna ƙauyen suka warkar da shi da chi. Kai ya yi kwaɗayin ƙwace wannan ƙarfi, Oogway ya yaƙe shi ya kora shi duniyar ruhohi. A ƙarshe ya gaya wa Po cewa da gangan ya zaɓe shi, ya naɗa shi magajinsa, ya ba shi sanda. Wannan bayani ya toshe giɓin labari, amma ya rage armashin fim na farko, inda mai kallo bai san ko hikima ce ko rikicin tsufa ba. Ya kuma fito a gajerun fina-finai, kamar Secrets of the Furious Five na 2008 da Secrets of the Masters na 2011.

Takwarorinsa

Tsohon malami mai bauɗaɗɗen hali tsohon zubi ne a fina-finan Hong Kong. Fitacce a ciki shi ne Almajiri So, mashayin da Yuen Siu-tien ya fito a matsayinsa a Drunken Master na 1978, yana gana wa Jackie Chan azaba da sunan horo. Jackie Chan ɗin ne ya yi muryar Biri a Kung Fu Panda. A katun na Japan akwai Muten Roshi na Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya ƙirƙira a 1984, shi ma da alaƙa da kunkuru, don ƙoƙonsa yake goyawa. Roshi yana horar da ɗalibansa Goku da Krillin da raba madara gida-gida da huɗar gona da hannu, ga shi da son mata da ya zama abin dariya a labarin. Oogway ba shi da wani aibi irin wannan da aka rataya masa, kuma aikin horo mai wahala da So da Roshi ke yi da kansu, a Kung Fu Panda Shifu aka bar wa.