Mene ne samfuri, kuma yaushe za a gaskata alƙaluman bincike?

Duk sa'ad da aka karanta a labarai cewa wani bincike ya gano kashi kaza cikin 100 na 'yan Najeriya suna ganin kaza, ba a rasa wanda zai ce, "Mutum nawa suka tambaya? Ni dai ba wanda ya zo wurina, ko wurin wani ɗan unguwarmu." Idan aka ce masa mutum 1,600 ne, sai ya kaɗa kai ya ce zancen banza ne, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Yana da gaskiya da ya yi shakka, amma ba a nan matsalar take ba. Mutum 1,600 suna iya isa, mutum miliyan biyu kuma suna iya gazawa, ya danganta da yadda aka zaɓo su.

Samfuri shi ne 'yan tsirarun da ake ɗebowa daga cikin jama'a a bincika, domin a san halin da jama'ar take ciki gaba ɗayanta. Kishiyarsa ita ce ƙidaya, inda ake bin kowa gida-gida. Ƙidaya tana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa rabon Najeriya da ita tun 2006, lokacin da aka samu mutum sama da miliyan 140. Kusan duk wani adadi da muke ji tun daga nan game da haihuwa, mutuwar yara, talauci ko rashin aiki, daga samfuri ya fito.

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san wannan ilimi sarai. Ba ya zazzage buhun gero ya duba ƙwaya-ƙwaya, kuma ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu, don ya san mai sayarwa yakan ɗora mai kyau a sama. Sai ya cusa hannu can ciki, ko ya soka ƙarfe mai rami ta gefe da ta gindi, abin da ya zubo a tafin hannunsa ya murza ya duba. Ɗan abin da ke tafin ya ishe shi yanke hukunci a kan buhun, muddin ta ko'ina ya ɗebo. Da zai kwashi kwano goma daga sama kaɗai, da bai san tsakuwar da ke ƙasa ba.

A wurin masana ƙididdiga, ɗebowa ta ko'ina na nufin ƙuri'a. Ba a nufin kan mai uwa da wabi, wato mai bincike ya tsaya bakin tasha ya tare duk wanda ya ga dama. Ana nufin kowane mutum yana da damar a zaɓe shi, an san girman damar, kuma ba son ran ma'aikaci ne ya yi zaɓin ba. Dubi yadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da binciken lafiya da al'umma na 2018. An fara da jerin ƙananan yankunan da aka yanka domin ƙidayar 2006, aka zaɓi 1,400 a birni da ƙauye a duk jihohi. Ma'aikata suka shiga kowane yanki suka rubuta magidantan da ke cikinsa kaf, sannan aka fitar da gida 30 daga jerin, jimla 42,000. Idan aka je gidan da aka zaɓa ba a samu kowa ba, komawa ake yi, ba a yarda a shiga na maƙwabci a cike gurbi ba. Wannan ƙa'ida tana wahalar da ma'aikata, amma ita ce ran aikin, domin wanda ba a cika samu a gida ba, ɗan kasuwa ne ko mai tafiya ci-rani, rayuwarsa ta bambanta da ta wanda kullum yana zaune a ƙofar gida. An fassara tambayoyin zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma mata ne suka zanta da mata. Duk wanda ya san ma'anar "ba shiga" a jikin zaure ya san cewa in babu mace a tawaga, rabin mutanen gidan ba za a ji ta bakinsu ba.

Idan an yi zaɓin ta wannan hanya, lissafi yana iya faɗin iyakar kuskuren da ƙuri'a kaɗai za ta jawo. Shi ake kira tazarar kuskure. Da mutum 1,000 tazarar takan kai maki 3 sama ko ƙasa, da 400 maki 5, da 100 kuwa maki 10. Wato idan kashi 52 cikin 100 na mutum dubu suka ce i, gaskiyar tana tsakanin 49 da 55, kuma ko hakan ma sau 19 cikin 20 ne ake sa ran ya dace. Don haka ɗan takara mai kashi 41 da mai kashi 39 a irin wannan bincike, ba wanda za a ce yana gaba. Kafin a rage tazarar da rabi sai an ninka samfurin sau huɗu. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne girman ƙasa kusan ba ya shiga lissafin. Cibiyar Afrobarometer, mai binciken jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, takan tambayi mutum 1,200 a Nijar, 1,600 a Najeriya, duk da ratar da ke tsakanin yawan jama'ar ƙasashen biyu. Sai dai a kula: cikin 1,600 ɗin nan, kason Kano bai fi ɗari da 'yan kai ba. Adadin da ya yi ƙarfi a kan ƙasa baki ɗaya yakan yi rauni ƙwarai idan aka yanko jiha ɗaya aka yi kanun labari da ita.

Tazarar kuskure ba ta auna son kai a wurin zaɓen samfuri, kuma a nan manyan bincike suke faɗuwa. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan biyu. Ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin 100. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga kundin masu wayar tarho da masu mota da masu sayen ta, a lokacin da talaucin karayar tattalin arziki ya hana yawancin mutane mallakar waɗannan abubuwa. Sannan waɗanda ke jin haushin Roosevelt sun fi ɗokin mayar da amsa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutum kusan 50,000, ya faɗi wanda zai ci. Ba a rufa shekara biyu ba mujallar ta rufe.

Wannan kuskure yana nan da ransa, ya canja riga ne kawai. Ƙuri'ar da aka kafa a Facebook ko X, da shirin rediyon da ake cewa a bugo waya, mutane ne suka zaɓi kansu, don haka ko sun kai dubu ɗari ba su wakilci kowa ba sai kansu. Gabanin zaɓen 2023 an wallafa binciken da aka yi ta manhajar wayar zamani wanda ya ba Peter Obi rinjaye mai yawa, alhali a sakamakon da INEC ta bayyana shi ne na uku, bayan Bola Tinubu da Atiku Abubakar. Ba sai an zargi kowa da ƙarya ba. Manomin da ke riƙe da ƙaramar waya, da matar auren da wayar gidan ke hannun mijinta, ba su da hanyar shiga wannan samfuri tun farko, kuma a Arewa su ne masu yawa. Abin da ya fi damuna shi ne wuraren da rikici ya rufe. A binciken 2018 an bar wasu ƙananan hukumomin Borno saboda rashin tsaro, kuma rahoton ya faɗi hakan a fili, abin a yaba. Amma adadin yana barin rahoto ya shiga bakin mutane, sai gargaɗin ya ɓace, alhali inda ba a iya zuwa nan ne yunwa da rashin asibiti suka fi tsanani.

Ko an zaɓi mutanen daidai, akwai sauran aiki a kan tambayar kanta. Baƙo ya zo da riga mai tambari da kwamfutar hannu, an shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi maigida buhu nawa ya noma bana. Idan maigida yana zaton jerin masu karɓar tallafi ake haɗawa zai rage, idan yana tsoron haraji zai ƙara ragewa, idan kuma maƙwabta suna zaune suna ji, wataƙila ya ƙara don kare mutunci. Tambayi uwa ko an yi wa ɗanta rigakafi, za ta iya cewa i don kada ta kunyata baƙuwa, shi ya sa ma'aikatan kirki suke neman a ɗauko katin asibiti su gani da ido.

Sai kuma ma'anar abin da aka auna. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. A watan Agustan 2023 ta fitar da kashi 4.1 na farkon shekarar 2023. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ya isa a ce mutum yana da aiki. Matashin da ya gama jami'a yana ɗana acaɓa da babur ɗin yayansa ranar kasuwa kaɗai, tsohon ma'auni ya sa shi cikin marasa aiki, sabon ya fitar da shi, shi kuwa aljihunsa bai canja ba. Hukumar ta bayyana sauyin tun ranar da ta fitar da adadin. Wanda ya jera 33.3 da 4.1 a kan layi ɗaya ya ce an samu ci gaba, ko ya ce an yi aringizo, ya haɗa amsoshin tambayoyi biyu ne daban.