Bakin ma'aikacin asibiti ma mazaunin cuta ne

Abokan aikina nas-nas, ungozomomi, likitoci da masu shara, kullum ana yi mana gargaɗi a kan hannu. Yau a kan baki zan yi magana.

Kusan mutum ɗaya cikin uku yana yawo da ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus a hancinsa, kuma takan zauna a baki da maƙogwaro. Ba zazzaɓi, ba ciwo, lafiyarsa ƙalau. Mu da muke wuni muna kwana a ɗakin marasa lafiya, wadda muke kwasa tana iya kasancewa mai taurin kai, irin MRSA, wadda aka fara ganowa a Ingila a 1961. Ba ta jin penisilin da yawancin danginsa, har da Ampiclox ɗin da kowane kemis yake sayarwa. A asibitocin Brazil an auna yawun ma'aikatan jinya, an kuma same ta a bakin wasunsu alhali suna cikin ƙoshin lafiya.

To ta yaya take barin bakina ta kai ga mara lafiya? Na sha ganin an cire murfin allura da haƙori don ɗaya hannun yana riƙe da jijiya. An yaga filasta da baki, an manna a kan kanular ƙarin ruwa. An lashi yatsa an buɗe fayil. An hura wa yaro gyambo don a lallashe shi, da kyakkyawar niyya. Takunkumi kuwa yana rataye a haɓa, ana hira a kan raunin da ake wankewa, ɗigon yawu yana sauka ba a gani. Ni kaina na taɓa yaga filasta da haƙori a daren da aiki ya yi yawa, kuma har yau abin yana damuna. Ƙwayar da ba ta yi mini komai ba, in ta shiga jinin bakwaini, ko ɗinkin matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, ko fatar wanda ya ƙone, sai wani ikon Allah.

Akwai kuma laifin da ba ma son faɗa. Magani yana kusa da mu, sai mura ta kama mutum ya haɗiyi amoksisilin kwana biyu ya ajiye. Mura ba ta jin wannan magani, don bairos ne ke kawo ta. Abin da ya yi kawai shi ne ya kashe raunanan ƙwayoyin bakinsa, ya share wa masu taurin kai fili su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan shan maganin da bai kai ƙima ba tun 1945. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma gwargwadon yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahalar.

Don Allah, 'yan'uwa, a sa almakashi a aljihu saboda filasta. Takunkumi ya rufe hanci da baki duk lokacin wankin rauni ko sa kanula, in ya jiƙe a canza. Wanda ya taɓa bakinsa ko hancinsa ya goge hannu da sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30, ko sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60, kafin ya taɓa mara lafiya. Mai ciwon maƙogwaro, maruru ko haƙorin da yake fitar da mugunya ya sanar da shugaban ɗaki, ya je a duba shi, kada ya rubuta wa kansa magani.

Ke kuma Hajiya da kike jinyar jikanki, in kin ga takunkumina ya zame, ki ce "Malama, gyara." Wallahi ba zan ji haushi ba.