Samarin da ke tara kuɗin rijiya, ga ɗan tsokaci daga duba-gari

Assalamu alaikum. Kwanakin nan duk guruf ɗin WhatsApp na 'yan gari da na leƙa sai in tarar an buɗe gidauniyar haƙa rijiya ko bohol, wannan ya turo ɗari biyar, wancan ɗan ci-rani daga Legas ya turo dubu biyu, 'yan acaɓa ma ba a bar su a baya ba. Wallahi abin yana burge ni, Allah ya saka muku da alheri. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauyukan wajen Machina ko Yusufari na jihar Yobe a watan Afrilu ya ga yarinya ta fita da jarka tun asuba ba ta dawo ba sai hantsi, makaranta kuwa sai dai gobe, ya san ba ƙaramin aiki kuka ɗauko ba.

To amma ni aikina duba-gari, kuma na ga rijiyoyin da aka yi walimar buɗe su da shinkafa da lemo, shekara ba ta zagayo ba awaki ke kwana a kai.

Akwai wani ƙauye da nake zuwa aiki, samari suka yi karo-karo suka haƙa rijiya a ƙarshen damina, ruwa ya fito tun ba a yi nisa ba, kowa na murna aka sallami mahaƙa. Bazara na shigowa guga ya fara dawowa da laka. Shi ya sa nake cewa ku tara kuɗin yanzu amma haƙan ku bari sai Maris zuwa Mayu lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai, ruwan da kuka samu a lokacin shi ne zai riƙe ku duk shekara. In kuma bohol ne kar ku ji ƙyashin kuɗin masu awon ƙasa, musamman inda ƙasan dutse ne irin su Zamfara da kudancin Katsina, don injin zai iya hudawa ya tashi a banza kuma mai injin sai an biya shi.

Sai maganar wuri, nan ne ake yawan rigima da ni. Kowa so yake a yi a ƙofar gidan mai unguwa ko jikin masallaci, to masallacin nan akwai bayi a bayansa fa. A bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, kuma kar masan ya zama ta sama da ita inda gangara za ta kawo. A yi mata daɓen siminti da murfi da 'yar magudana, wurin shan dabbobi a ja shi gefe. Guga ɗaya igiya ɗaya a rataye, ba kowa ya zo da nasa da ya kwana a ƙasa ba. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, ya kashe sama da 3,000, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin inda ya fi ɓarna. Iyayenmu sun san kurkunu, sai 2013 aka tabbatar mun rabu da shi, ruwan tafki ne ya riƙa kwantar da manoma ana tsakiyar shuka.

Abin da ya fi kashe famfon tuƙa-tuƙa kuwa ba wani babban abu ba ne, robar ciki ce take cinyewa ko sarƙa ta tsinke, sai a rasa wanda zai fidda kuɗin gyara, kowa na jiran wanda ya haƙa. Don Allah kar ku cinye kuɗin duka a haƙa da allon sunaye. Ku ware na gyara tun farko, a kafa kwamiti a sa mata a ciki tunda su da yara ke ɗiban ruwan, su ke fara jin hannun famfo ya yi sako-sako. A tura yaro ɗaya ko biyu su koyi gyara, ku leƙa ofishin RUWASSA na jiharku, wato hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, ko sashen ruwa na ƙaramar hukuma ku nemi shawara kafin ku kira mai haƙa. Ma'aji kuma ya riƙa saka lissafi a guruf duk sati har da hoton rasit, don ranar da aka fara cewa ina kuɗinmu to 'yan ci-rani sun rufe aljihu kenan.

Iyayena mata, in ruwan ya iso gida a wanke randa a rufe ta, moɗa kuma kar a bar yara su sha su mayar ciki. Mai son in zo in duba masa wuri kafin a sa diga ya same ni a asibitin sha-ka-tafi ranar kasuwa, ba na karɓar ko kwabo.