Fasfon Italiya ta hanyar kakanni: inda sabuwar doka ta yanke igiya

Shekara da shekaru, duk wanda zai iya nuna cewa jininsa na Italiya ne yana da hanyar zama ɗan ƙasar, ko da bai taɓa taka ta ba, ko da bai san yadda ake gaisuwa da Italiyanci ba. Ana kiran tsarin haƙƙin jini, kuma dokar ɗan ƙasa mai lamba 91 ta 1992 ba ta ƙayyade yawan kakanni ba. Abin da ake bukata a lokacin shi ne a samu wani cikin kakanninka da ya rayu a matsayin ɗan Italiya daga 17 ga Maris 1861, ranar da aka kafa masarautar Italiya. Ka ga ke nan tattaɓa kunne ma yana da rabo.

A ranar 28 ga Maris 2025 gwamnati ta fitar da dokar gaggawa mai lamba 36, majalisa kuma ta tabbatar da ita a watan Mayu a matsayin doka mai lamba 74. Ministan harkokin waje Antonio Tajani ya kafa hujja da cunkoso: 'yan Italiya mazauna waje sun tashi daga kimanin miliyan 4.6 zuwa miliyan 6.4 cikin shekara goma, ofisoshin jakadanci a Brazil da Ajantina kuma sun cika da masu neman fasfon da zai buɗe musu Tarayyar Turai. Shi kansa shugaban Ajantina Javier Milei ta wannan ƙofar ya shiga a ƙarshen 2024.

Ga abin da dokar ta ce a sauƙaƙe. Wanda aka haifa a waje, yana kuma da wata ƙasar, ba a ɗaukarsa ɗan Italiya sai in ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa. Na farko, mahaifi ko mahaifiya ko kaka ya kasance ɗan Italiya zalla, ba ya riƙe da wata ƙasa, ko haka yake lokacin da ya rasu. Na biyu, ɗaya daga cikin iyaye ya zauna a Italiya shekara biyu a jere bayan ya zama ɗan ƙasa, kafin a haifi mai nema. Waɗanda suka shigar da takardunsu a ofishin jakadanci ko a kotu kafin ƙarewar ranar 27 ga Maris 2025, da tsohuwar doka za a duba nasu.

Kalmar "zalla" ɗin nan ita ce ƙashin kifin. Kakan da ya sauka a New York ko São Paulo, ya yi aiki shekaru, sannan ya karɓi takardar zama ɗan sabuwar ƙasar domin ya samu sauƙin rayuwa, yanzu ya rufe wa jikokinsa ƙofa ba tare da ya sani ba. A ganina nan ne dokar ta yi tsauri fiye da kima, don da wuya ɗan ci-rani ya tsufa a ƙasar wasu bai nemi takardarsu ba.

Ko a da ma aikin ba wasa ba ne, kuma har yanzu takarda ce ke magana, labarin da kaka ta bayar da dare ba ya shiga fayil. Dole ka gano ainihin ƙaramar hukumar da aka haifi kakan, domin a can rajistar haihuwa take, ba a Roma ba. In an haife shi kafin gwamnati ta fara rajista a yankinsu, sai a koma littafin baftisma na cocin garin, wanda limami ya rubuta da hannu, sau da yawa da Latin. Shafin Antenati na gidajen adana tarihin Italiya ya ɗora hotunan tsofaffin rajistoci a intanet kyauta, sai dai hoto ba ya maye gurbin kwafi mai hatimin hukuma.

Sai rigimar sunaye. Giuseppe yakan koma José a Buenos Aires, ya koma Joseph a Amurka. Harafi ɗaya ya ɓace daga sunan gida, shekarar haihuwa ta goce tsakanin takardar aure da ta mutuwa. Jami'in jakadanci na iya tsayar da fayil a kan wannan, har sai an je an gyara takardun. Galibin takardun waje kuma sai an buga musu hatimin tantancewa na yarjejeniyar Hague, an fassara su zuwa Italiyanci.

Akwai kuma tsohon tabon da mata suka sha. Kafin tsarin mulkin Italiya ya fara aiki a 1 ga Janairu 1948, uwa ba ta gadar wa ɗanta ƙasa. Sai a 2009 kotun ƙoli ta buɗe hanya, amma wanda igiyarsa ta bi ta macen da ta haihu kafin 1948, kotu yake zuwa, ba ofishin jakadanci ba.

Kuɗin shigar da takarda kuwa Yuro 600 ne ga kowane baligi tun farkon 2025, kuma ba a mayar da shi ko an ƙi amincewa.