Dashen itacen sadaka ga mamaci a Maraɗi

Itacen sadaka shi ne itacen da ake dasawa da niyyar ladarsa ta isa ga wanda ya rasu. A ƙasar Maraɗi ana dasa shi a gefen maƙabarta, ko ƙofar masallaci, ko cikin gonar da marigayin ya bari.

Tushen abin hadisai ne guda biyu. Na Abu Huraira, wanda Muslim ya ruwaito, ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku, na farkonsu sadaka mai gudana. Na Anas ɗan Malik kuwa, a Buhari da Muslim, ya nuna duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi.

Jana'izar musulmi dama ba ta da nauyi ga ƙasa. Ana wanke gawa da ruwa da ganyen magarya, a sa mata farin likkafani, a ɗauke ta a makara, ba akwati, ba siminti. Abin da Turawa suka koma nema ke nan sa'ad da aka buɗe maƙabartar daji ta farko a Ingila a 1993, wato wadda ake dasa itatuwa a cikinta a madadin duwatsun kabari. Inda kabarin Hausa yake cin daji shi ne guma-guman da ake jerawa bisa ƙaramin rami kafin a toshe da laka a mai da ƙasa. Wasu na amfani da tubali ko fasassun tukwane a madadinsu. Wanda ya dasa itace, ya biya wannan bashin.

Maraɗi ta san darajar inuwa. A nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984, shekarar fari. Daga ƙauyukanta ne kuma sassaben zamani ya bazu, wato rainon tohon kututture a gona, dabarar da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya soma yaɗawa a 1983. Ranar 3 ga Agusta, tsakiyar damina, ita ce ranar dashen itatuwa a Nijar.

Bedi, wato dogon yaro, aka fi dasawa saboda jure fari da saurin girma. A gona gawo ya fi: yana zubar da ganye da damina hatsi ya samu rana, da rani ya yi kore, bisashe su ci ƴaƴansa. Malamai da yawa ba sa son dashe a bisa kabarin kansa, don kada saiwa ta kai ga gawa.

Wahalar tana cikin raino. Dashen da ba a kewaye da ƙaya ba, awaki ke cinye shi kafin kaka, wanda ya tsira kuma sai an riƙa kai masa bidon ɗin ruwa daga Maris har saukar ruwan Yuni, shekara biyu ko uku a jere.