Waiwaye: Yadda Kwantan Kamfani Ya Zama Kasuwa a Bayan Gari

Duk mai sayar da yadi a Gusau ya san ciwon kwantai. An saro atamfa saboda ƙaramar salla, salla ta wuce ba ta ƙare ba, sabon zane ya fito, tsohuwar ta zauna kan kanta tana shan ƙura, jari ya kwanta tare da ita. Mafita biyu ce: ko a karya farashi a shago, ko a bai wa masu bin kasuwannin ƙauye su kai Talatar Mafara, ko Shinkafi ranar Alhamis, inda yayin bai riga ya wuce ba. Manyan kamfanonin tufafi na duniya ma wannan ciwon ke damunsu, sai dai su sun gina masa kasuwa sukutum a bayan gari, wadda Turawa ke kira awutlet. Da yake maganar gina katafaren mol, wato babban gini mai tara shaguna, a bakin gari ba ta rabuwa da bakin masu kuɗi da 'yan siyasa, ya kamata a san inda abin ya samo asali, da abin da ke riƙe da shi.

A gabashin Amurka aka fara, cikin shekarun 1930. Masaƙu da masana'antun takalma kan ware ɗaki a jikin masana'anta su zuba kayan da suka samu tabo: ɗinki ya karkace, rini ya yi dabbare-dabbare, ko an yi fiye da odar da aka bayar. Ma'aikata aka fara sayar wa, daga baya aka buɗe wa kowa. A farkon shekarun 1970 kamfanin Vanity Fair ya tara irin waɗannan shaguna a tsohuwar masaƙa a garin Reading na jihar Pennsylvania, mutane suka riƙa zuwa cikin manyan motocin safa daga nesa. A 1985 aka buɗe Woodbury Common, tafiyar kusan awa ɗaya daga birnin New York, mai shaguna sama da 200 a yau. A Ingila kuma aka buɗe Bicester Village a 1995, wadda baƙi suka yi mata yawa har aka sauya sunan tashar jirgin ƙasan garin zuwa nata a 2015, ana kuma yin sanarwar jirgi da Larabci da harshen Sin.

Nisan da ake yi da gari da gangan ne. Fili a can ya fi araha, wannan gaskiya ne, amma babban dalili shi ne kada kamfani ya ɓata da manyan kantunan cikin gari masu sayar da kayansa a cikakken farashi. Idan rigar da ke kanti a kan dala 100 tana layi na gaba a kan dala 60, mai kanti zai daina sara. Sai aka sa tazara tsakani. Tazarar tana kuma tace masu saye: mai kuɗin da ba shi da lokaci ya saya a gari, mai neman rangwame ya ƙona mai. Wanda kuwa ya yi tafiyar awa guda da wuya ya koma hannu rabbana.

Daga baya kasuwar ta fi ƙarfin kwantan. Shaguna sun yi yawa, kayan da suka rage ba su isa cika su ba, sai kamfanoni suka koma ɗinka kaya musamman domin waɗannan shaguna: yadi mara nauyi, ɗinki mai tazara, maɓallin roba maimakon na ƙarfe, fatar roba a cikin jaka. Tambari ɗaya ne, kaya daban. A kan takardar farashi sai a rubuta wani tsohon kuɗi a soke shi, alhali ba a taɓa sayar da kayan a wannan kuɗin ba. A 2014 'yan majalisar dokokin Amurka huɗu suka rubuta wa hukumar kula da ciniki ta ƙasar cewa ta binciki wannan dabara. 'Yan kasuwarmu masu sarowa daga Dubai da Ingila su lura: a duba laƙabin cikin riga da lambar samfuri, a juya ɗinkin ciki, a kwatanta da wanda ke babban kanti kafin a cika jaka.

Najeriya mol ta samu, ba kasuwar kwantan kamfani ba. The Palms a Lekki ta buɗe a Disamban 2005 tare da Shoprite na farko a ƙasar, Ado Bayero Mall a Kano a 2014, Jabi Lake Mall a Abuja a 2015. Tsarinsu ɗaya: a kawo babban kanti guda a ba shi haya mai sauƙi na shekaru masu yawa domin ya jawo jama'a, sannan ƙananan shaguna su biya da tsada saboda ƙafar da ke wucewa ta ƙofarsu. Ƙaramin shago ke ɗauke da ginin, babban kanti ke ɗauke da ƙaramin shago. Ranar da babban ya fita, kowa ya ji a jikinsa.

Ya kuwa fita. Da yawa daga waɗannan gine-gine da bashin dala aka yi su, haya ma da dala ake lissafa ta, ciniki kuma da naira. Dalar da ke wajen naira 160 a 2014 ta haura 1,500 a 2024. Ban da haya akwai kuɗin hidima: dizal na janareta, na'urar sanyaya gini, masu gadi, shara, ruwa, ana raba wa 'yan haya gwargwadon faɗin shago. Idan shaguna goma suka rufe, janareta ba ya rage shan mai, sai kason sauran ya ƙaru, su ma su fara haɗa kaya. Kantin Woolworths ya bar Najeriya a 2013, kantin tufafi na Mr Price a 2020, Shoprite na Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ga 'yan ƙasa a 2021, reshen Kano kuma ya rufe a Janairun 2024.

Wadda ta fi kama da kasuwar bayan gari ita ce Tinapa a Kalaba, da aka buɗe a 2007 zamanin Gwamna Donald Duke, da manyan zauruka huɗu na murabba'in mita 10,000 kowanne. An gina ta kan alkawarin kaya ba harajin kwastan. Aka yi ta ja-in-ja kan ka'idar, zauruka suka zauna wayam, bashin ya ƙare a hannun hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna da suka gagara biya.

Gusau tana da nata tarihin. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, shi ya kawo kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga, suka kafa kantuna a wajen tsohon gari. Sunan Kantin Daji ya ishi mai tambaya: wurin daji ne a lokacin, yau tsakiyar gari ne. Abin da ya cika shi ba kyawun gini ba ne, manomi ne da ya sayar da auduga ya riƙe kuɗi a hannu, ga akoko da gishiri da kananzir a gabansa. Masaƙar Gusau da aka kafa a shekarun 1960 ita ce irin masana'antar da kan haifar da shagon ƙofar kamfani, amma injinanta sun yi shiru tun shekarun 2000, kamar na Kaduna. Ba masana'anta, ba rarar kaya. Gurbin rangwame kuwa an riga an cike shi: dilar gwanjo, yadin kilo, da kayan Sin da ake sarowa a Kwari. Mai mol da ke biyan dizal ba zai iya karya farashi ƙasa da mai tebur a Tudun Wada ba.

Sai batun kewaye, inda masu zane kan yi kuskure. Ka'idar Turai ita ce wurin mota 4 zuwa 5 ga kowane murabba'in mita 100 na shago, kowace mota na cin kusan mita 25 zuwa 30 har da hanyar juyawa. Shagunan mita 10,000 ke nan suna son fili sama da hekta ɗaya na ajiye mota kawai. A Gusau akasarin masu saye da kabu-kabu da keke Napep suke zuwa, don haka abin da ake buƙata rumfar jira ce mai inuwa a bakin ƙofa, da mashiga daban ta tirela a baya. Kuɗin zuwa da dawowa, tun cire tallafin mai a Mayun 2023, yana iya cinye rangwamen turmi guda. Fili mai kwalta ba ya shan ruwa, idan ba a haƙa magudana mai kaiwa rafi ba, ruwan Agusta gidajen maƙwabta zai shiga. Da zarar an kafa allon gini, dillalai sun yanka gonakin gefe fuloti-fuloti ba tare da barin titi ba, 'yan tireda da masu suya su mamaye bakin hanya. Ga kuma tsaro: cinikin mol na yamma ne zuwa dare, daidai lokacin da mutane ke ƙauracewa hanyar Funtuwa da ta Sakkwato.

Bayan gari yana karɓar sari, ba ya karɓar kiri. Kasuwar hatsi ta Dawanau ta cika saboda tirela na son sarari kuma mai sayen buhu 300 bai damu da nisa ba. Kasuwar magani ta Dangwauro a kan hanyar Zariya kuwa, masu sayar da magani na Sabon Garin Kano ba su koma ba sai da kotu ta yi hukunci aka rufe musu shaguna a 2024. Mai fili a bakin Gusau da ya fara da ɗakunan ajiya, sikeli, wurin kwanan direbobi, rijiyar burtsatse da sola, ya bar gilashi da na'urar sanyi sai ƙafa ta yawaita, lissafinsa zai fi kusa da na Dawanau fiye da na Tinapa.