Zanen Bango a Ginin Ƙasa na Zariya

Zanen bango ado ne da magina ke fitarwa a jikin ginin ƙasa tun yaɓe bai bushe ba, ta yadda zanen zai yi tudu da kwari a jikin bangon kansa. Zariya na cikin biranen ƙasar Hausa da suka yi fice a wannan sana'a. Galibi ana yin sa a fuskar zaure, da kewayen ƙofa, da cikin soron maigida, wato wuraren da idon baƙo ke fara sauka.

Aikin da ya fi shahara a birnin shi ne Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Adonsa a ciki yake: layuka masu zurfi a jikin ginshiƙai, da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginin ƙasa da ke ɗauke da rufi. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon masallaci na siminti, kuma akwai kwaikwayon tsohon ginin a gidan tarihi na Jos. Cika fuskar gida da zane daga sama har ƙasa kuwa ya fi yaɗuwa ne a ƙarni na 20, lokacin da attajirai suka shiga gasar ƙawata zaurukansu.

Kayan aiki

Ƙasar zane ba kowace ƙasa ba ce. Ana zaɓar jar ƙasa mai danƙo, a tankaɗe tsakuwa, a kwaɓa da ruwa, a zuba yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara kashin doki. Sai a tattake ta da ƙafa, a bar ta kwanaki tana ruɓa, ana yayyafa ruwa ana sake tattakewa. Ciyawar ce ke riƙe yaɓe kada ya tsage. Idan danƙo ya yi yawa, zanen zai dare yayin bushewa. Idan yashi ya rinjaya, ba zai kama bango ba, zai dinga zubowa.

Abin da ke kare zane daga ruwa iri biyu ne. Makuba ana samun ta daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ko aka dafa, ruwanta ja ne mai duhu, ana kwaɓa shi da ƙasa a shafe bango. Laso ya fi ta ƙarko da tsada: katsi ne, wato dagwalon rini na karofi da aka ƙona aka dake, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Shi ya sa a dā magini ba ya rabuwa da marina da majema, kuma raguwar rini a karofi ta taɓa ginin ƙasa ta inda ba a zata ba.

Yadda ake fitar da zane

Da rani ake aikin, bayan bangon tubali ya bushe ya zauna. Magini yakan fara daga sama, ya jiƙa wurin kaɗan, ya yaɓa ƙasa mai kaurin yatsa biyu zuwa uku a iya faɗin da zai gama kafin ta ƙame. Da yatsa yake jan layin farko. Daga nan ya ƙwaƙule gefe da gefe, ya tara ƙasar a kan layin, ya murza ta da tafin hannu mai laima har gefen ya yi santsi. Gwanin magini ba ya bin takarda, a ka yake riƙe da zanen, kuma ana gane hannunsa a wurin da igiyar dagi ta bi ta ƙarƙashin 'yar'uwarta ta fito ba tare da kaurinta ya canza ba. Idan aka yi aikin da tsakar rana a bangon da rana ke duka, saman yaɓen zai bushe cikinsa na ɗanye, sai tsaga ta bi layin zanen.

Dagi ne uban zane, kuma danginsa ne ake gani a aikin babbar riga da na dukawa. Akwai da'ira, da murɗaɗɗun layuka, da takobi. Daga baya keke, mota, agogo da jirgin sama suka hau bango. Siffar mutum ba kasafai ake yin ta ba, saboda matsayin addini a kanta. Da siminti ya shigo, sai aka koma yanka zane da wuƙa a jikin ɗanyen filasta, a bi shi da fenti kala-kala. Wannan ya fi ɗaukar ido daga nesa, amma ba shi da zurfin da ke sa zanen ƙasa ya canza kama idan inuwa ta juya da la'asar.

A Tiyebele ta Burkina Faso ma da ruwan ɓawon ɗorawa ake shafe bangon da aka yi wa ado, sai dai can mata ne ke zanen. A Zariya aikin maza ne, sana'ar gado a gidajen magina.

Abin da ke lalata shi

Ruwa ne babban abokin gaba. Indararo ɗaya da ya toshe ko ya karye zai iya wanke zanen fuskar zaure a damina guda, domin ruwan rufi zai bi bango maimakon ya zuba nesa da shi. Feshin ruwan sama kuma yana cin gindin bango, gara na bin ciyawar da ke cikin yaɓe. Makuba na son sabuntawa kusan kowace shekara kafin ruwa ya sauka, laso kan ɗauki wasu shekaru.

Kuskuren da aka fi yi yanzu shi ne lulluɓe tsohon zanen ƙasa da siminti da niyyar hutawa da gyara. Siminti ba ya motsi tare da ƙasa, kuma yana tsare laima a bayansa. Bayan 'yan damina sai a ƙwanƙwasa a ji wurin yana amo kamar ganga, daga nan filastar ta ɓanɓaro falle guda, ta taho da zanen da ke ƙarƙashinta.